Yadda Ake Fita da Iyali Yawon Buɗe Ido a Hamada da Tsaunuka

Duk wanda ya ƙudiri aniyar fita da iyalinsa zuwa hamada ko kan tsauni domin su ba idanunsu abinci, abu na farko da ya wajaba ya tsayar shi ne wanda za a auna tafiyar da ƙarfinsa. Wannan mutum kuwa shi ne mafi rauni a cikin ayarin, ko dai ƙaramin yaro, ko dattijuwa, ko mai juna biyu, ko mai fama da asma. Nisan da za a yi, da lokacin tashi, da yawan ruwan da za a ɗauka, da tsayin da za a hau, duk daga kansa ake lissafa su. Magidancin da ya tsara tafiya bisa ƙarfin ƙafarsa zai ƙare da goyon yaro a baya a tsakiyar rana, ruwa ya yi ƙasa, hanya kuma da sauranta, kuma yawancin matsalolin da ke samun iyalai a irin waɗannan wurare daga nan suke somawa.

A fitar farko, a zaɓi wurin da hukuma ke kula da shi, mai hanyoyin ƙafa da aka yi wa alama, da ma'aikata, da titin da motar asibiti za ta iya bi. A bincika halin tsaro, da ko ana buƙatar takardar izini ko ɗan jagora mai rajista, domin wurare da yawa ba a shiga cikinsu sai da shi. Bayan wuri sai lokaci, kuma a hamada lokaci ya fi wuri muhimmanci. A kwarin Death Valley da ke Amurka an auna zafin da ya kai digiri 56.7 a ma'aunin Salshiyas ranar 10 ga Yuli, 1913, amma wannan kwarin ne iyalai ke yawo a cikinsa hankali kwance a watan Janairu. Hamadar da ke arewacin duniya, kamar Sahara ko Wadi Rum ta ƙasar Jodan, lokacin sanyinta daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu, yayin da ta kudancin duniya, kamar Namib ta kudu maso yammacin Afirka ko tsakiyar Ostareliya, nata sanyin yake faɗowa tsakanin Yuni da Agusta. Tsauni mai tsayi kuwa akasin haka ne, domin an fi zuwa masa bayan ƙanƙara ta narke.

Lissafin lokaci da takardar da ake bari a gida

Akwai wata ƙa'ida da wani mahayin tsaunuka ɗan Sikotilan mai suna William Naismith ya fitar a 1892, wadda har yau ake aiki da ita: a ware awa ɗaya ga kowane kilomita 5, sannan a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Hanya mai kilomita 6 da hawan mita 300 za ta ci kusan awa ɗaya da minti 40 ke nan. Sai dai lissafin nasa na babban mutum ne mai lafiya wanda ba ya tsayawa, saboda haka mai tafiya da yara ya ninka shi biyu, in kuma a cikin rairayi mai laushi ne ya ƙara a kai. Wuraren da ake fara gangarawa kafin a hau, irin su Grand Canyon, wani babban kwazazzabo a Amurka, sun fi yaudara, domin ƙafa tana sauka da sauƙi da safe, sai an juyo a tarar da hawa ga kuma rana ta take. Ma'aikatan wannan wuri suna shawartar baƙi su ɗauka cewa hawowa zai ci ninki biyu na lokacin da gangarawa ta ci.

Daga wannan lissafi ne ake fitar da lokacin juyawa, wato ƙarfe kaza da za a juya ko an kai inda aka nufa ko ba a kai ba. A faɗe shi a gaban kowa tun kafin a bar mota, har da yara, domin kada ya zama abin musu a lokacin da ƙololuwar dutse ta bayyana kamar a miƙa hannu a taɓa. A ganina babu wata shawara a wannan fanni da ta kai wannan amfani, kuma babu wadda aka fi karyawa, domin mutum yana jin kunyar komawa bayan ya yi wa 'ya'yansa alkawari. Gara tun farko kada a yi alkawarin ƙololuwa; a ce za a tafi har ƙarfe goma, a ga abin da aka gani.

Kafin a tashi, a rubuta takarda a bar wa wani amintacce: hanyar da za a bi, lambar mota da launinta, yawan mutane da shekarun yara, lokacin da ake sa ran dawowa, da lokacin da in ya wuce bai ji daga gare ku ba zai kira masu ceto, tare da lambarsu. Waya ba abin dogaro ba ce a bayan tsauni, don haka a sauke taswira a cikinta tun ana da intanet, a riƙe ta takarda da kamfas, a kuma ɗauki batirin caji.

Ruwa da zafi

Mafi ƙarancin abin da ake ware wa mutum ɗaya a hamada shi ne lita 4 a yini, wannan kuwa na sha ne kawai, ban da girki da wanka. Mai tafiya a ƙafa cikin zafi yana iya buƙatar rabin lita zuwa lita guda a kowace awa. Lita ɗaya kilo ɗaya ce a nauyi, saboda haka ruwan da iyali za su iya ɗauka a bayansu shi ne ainihin iyakar tafiyarsu. A rarraba shi a gorori da jarkoki da yawa, domin in ɗaya ta huje kada a rasa duka, a kuma bar na kwana biyu a mota wanda ba a taɓawa sai ta ɓaci. Masu gadin gandun daji sukan ce in rabin ruwanka ya ƙare to ka juya. Ga mai yara, ina ganin ya fi dacewa a juya da zarar an sha kashi ɗaya cikin uku, domin dawowa takan zo a lokacin da rana ta fi zafi kuma jiki ya riga ya gaji.

Yaro ba ya faɗin ƙishirwa sai ta yi nisa, musamman in wasa ya ɗauke masa hankali. A tsayar da shi ya kurɓa duk bayan minti 20 ko makamancin haka, a kuma lura da fitsarinsa: in ya yi ja ko ya ɗauki awanni bai yi ba, ruwan jikinsa ya ragu. Jariri kuwa ana gane nasa daga ƙyallensa da ya daɗe bai jiƙe ba. Kada a yi tsimin ruwa alhali ana jin ƙishirwa, domin amfaninsa a cikin jiki yake. Akwai kuma wani haɗari da ba a cika sani ba, wato shan ruwa zalla da yawa ba tare da cin komai ba, alhali gumi yana fitar da gishirin jiki, abin da kan jawo ciwon kai da amai da ruɗewa. Maganinsa shi ne a riƙa cin abin taɓawa mai ɗan gishiri a duk hutu, a kuma riƙe ƙunshin garin gishiri da sukari na kantin magani. In babu, ana haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ruwan ƙorama, komai garai-garai ɗinsa, sai an tafasa shi na minti ɗaya, ko minti uku in an wuce tsayin mita 2,000, saboda a can ruwa yana tafasa tun bai yi zafin da yake yi a ƙasa ba.

A yi tafiya da sassafe da kuma bayan la'asar, a nemi inuwa tsakanin ƙarfe goma na safe da huɗu na yamma. Idan wani ya fara jiri, da kasala, da tashin zuciya, ga gumi sharkaf, a kwantar da shi a inuwa, a sassauta masa tufa, a jiƙa jikinsa, a yi masa fifita, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, kuma yawon wannan rana ya ƙare ke nan. Idan kuwa ya soma sambatu, ko tangaɗi, ko ya kasa gane mutane, ko ya suma, to zafi ya bugi ƙwaƙwalwa, kuma rai ne a kan siratsi. A fara sanyaya shi nan take da duk ruwan da za a iya samu, a wuya da hammata da matsematsi, a nemi taimako a lokaci guda, kada kuma a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa komai a baki. Ba a barin yaro a cikin motar da aka ajiye ko da na ɗan lokaci ne, domin zafin cikinta yana iya ƙaruwa da kusan digiri 11 a cikin minti 10, kuma sauke gilashi kaɗan ba ya hana hakan.

Tufa doguwa, sakakkiya, mai haske ta fi gajera kare jiki daga rana. A haɗa da malafa mai faɗin baki, da tabarau, da man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama, a sake shafawa duk bayan awa biyu. Jaririn da bai kai wata shida ba kuwa inuwa da tufa ne kariyarsa. Sanyin tsauni ba ya rage ƙunar rana, hasali ma hasken da ke ƙona fata yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin ɗari a kowane mita 1,000. Takalmi ya zama sau-ciki wanda ƙafa ta saba da shi, domin sabon takalmi bororo yake haifarwa.

Sanyi ma sai an yi masa shiri. Iskar hamada busasshiya ce, sama kuma babu gajimaren da zai riƙe ɗumin ƙasa, shi ya sa dare kan yi sanyin da a wasu watanni har ruwa yake daskarewa. A tsauni kuma zafi yana raguwa da kusan digiri 6.5 a kowane mita 1,000, wato in gindin dutse yana digiri 30, wanda ya hau mita 3,000 zai tarar da kusan 10, ban da iska. A sa tufa hawa-hawa yadda za a iya cirewa da ƙarawa, a kuma tuna cewa yaron da aka goya ba ya motsi, don haka yana iya daskarewa alhali mai goyon yana gumi. A riƙa taɓa hannuwansa da ƙafafunsa.

Ciwon hawa sama

Daga kusan mita 2,500 sama da matakin teku, iskar oksijin da ke shiga jiki a kowane numfashi takan ragu har wasu su fara ciwon kai, da rashin son abinci, da amai, da rashin barci. Ƙarfi ko ƙuruciya ba sa hana shi. Saurin hawa ne ke kawo shi. Saboda haka wuraren da mota ko keken igiya (akwatin ɗaukar mutane da ke rataye a jikin igiyar ƙarfe) ke kai mutum sama cikin ɗan lokaci sun fi buƙatar hattara, kamar tsaunin Aiguille du Midi a Faransa, inda ake ɗaga baƙi daga garin Chamonix zuwa mita 3,842 a cikin kusan minti 20. Likitocin wannan fanni suna shawartar cewa in an wuce mita 3,000, kada wurin kwana na yau ya fi na jiya da sama da mita 500, a kuma huta yini guda duk bayan kwana uku ko huɗu. Sannu ba ta hana zuwa. Tsaunuka irin su Toubkal na Maroko mai mita 4,167, ko Kilimanjaro na Tanzaniya mai mita 5,895, ba wurin koyon hawa da ƙananan yara ba ne, kodayake gindinsu da ƙauyukan da ke kewaye da su suna da abin kallo mai yawa.

Ƙaramin yaro ba zai ce kansa na ciwo ba. Abin da za a gani shi ne rigima marar dalili, da ƙin cin abinci, da daina wasa, kuma duk yaron da ya canza haka a kan tsauni a ɗauka ciwon ne har sai an tabbatar da akasinsa. Mai alamun ciwon ba ya ƙara hawa, in kuma abin ya ƙi sauƙi sai a sauko, domin saukowar mita ɗari uku zuwa dubu kan kawo sauƙi. Tangaɗi, da ruɗewa, da haki alhali ana zaune, da tari mai kumfa, alamu ne na ruwa ya taru a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma waɗannan ba sa jiran wayewar gari. Iyalin da ke da mai cutar sikila, ko ciwon zuciya, ko mai juna biyu, su ga likita kafin su tsara kowace tafiya mai tsayi, domin ƙarancin iska da ƙarancin ruwa da sanyi duk suna tayar da ciwon sikila.

Ambaliya, tsawa da mota

Mutane da yawa suna mamakin jin cewa ruwa yana cin rayuka a hamada. Ƙasar ba ta shanye ruwan sama da sauri, sai ya taru ya kwararo ta busassun rafuka da kwazazzabai, wani lokaci daga hadarin da ya zuba a nesa inda ba a ma gani. Ranar 12 ga Agusta, 1997, ambaliya ta kashe masu yawon buɗe ido 11 a kwazazzabon Antelope Canyon da ke jihar Arizona ta Amurka, alhali ruwan da ya sauka a wurin bai taka kara ya karya ba. Kada a kafa tanti a cikin busasshen rafi komai laushin yashinsa, kada kuma a shiga matsattsen kwazazzabo in an yi hasashen ruwa a ko'ina cikin yankin. In aka ji rugugi daga sama, ko ruwa ya fara zuwa da laka da karare, a hau gefe nan da nan, domin ba a tsere wa ambaliya ta hanyar bin rafi. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana kayar da babban mutum, na santimita 30 kuma yana tafiya da ƙaramar mota.

Hadarin tsauni ya fi haɗuwa bayan azahar, wanda wani dalili ne na sammako. In aka ga walƙiya a ƙirga daƙiƙu har a ji tsawa, kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce, amma duk wanda ya ji tsawa ya riga ya shiga inda aradu ke iya kai wa. A sauka daga ƙololuwa da doron dutse, a nisanci itacen da ke tsaye shi kaɗai da bakin kogo, a shiga gini ko mota mai rufin ƙarfe, a kuma jira minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe. In guguwar ƙura ce ta riski mota, a sauka daga titi gaba ɗaya, a kashe fitilu, a ɗauke ƙafa daga birki, domin kada na baya ya bi hasken ya afka muku.

Ba a shiga rairayi da mota ɗaya. A tafi da biyu, da safaya, da jak, da shebur, da igiyar ja, da famfon taya, domin ana rage iskar taya a kan yashi a mayar in an hau kwalta. Yashi yana shan mai fiye da titi, don haka a cika tanki a duk gidan man da aka samu. In mota ta lalace, a zauna tare da ita, a buɗe bonet, a yi inuwa a gefenta, domin masu nema sun fi saurin hango mota a kan mutum mai tafiya a ƙafa.

A kan hanyar ƙafa, babba ɗaya a gaba, ɗaya a baya, yara a tsakiya. Kowane yaro ya sa riga mai launi mai ɗaukar ido, a rataya masa usur, a koya masa cewa in ya daina ganin kowa ya tsaya cak a inda yake, ya busa sau uku, ya saurara, ya sake. A gaya masa a fili cewa ba za a yi masa faɗa ba, kuma ya amsa in baƙi suna kiran sunansa, domin yaran da suka ɓata sukan ɓuya daga masu nemansu saboda tsoro. A ɗauki hotonsa kowace safiya da kayan da ke jikinsa. A bakin gangare a riƙe hannun ƙarami, kada a ja da baya don ɗaukar hoto, kada kuma a bar yara su jefa duwatsu ƙasa inda wasu ke iya wucewa. Ba a cusa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse, ana kakkaɓe takalmi da shimfiɗa kafin a yi amfani da su, ana kuma fita da tocila da dare. In maciji ya yi sara, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau; a cire zobe da munduwa, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin, a lura da lokaci, a nufi asibiti. Harbin kunama ga ƙaramin yaro ma na asibiti ne.

Abin da aka je gani

Duk wannan shiri domin a samu natsuwar kallo ne, kuma yaro ba ya kallo irin na babba. Babba yana son faɗin fili daga sama, yaro kuwa sawun ƙwaro a kan yashi ya fi burge shi. A ba shi wannan dama: da sassafe, kafin iska ta share, rairayi cike yake da sawun duk abin da ya yi yawo da dare, ƙadangare da ɓera da tsuntsu da maciji, kuma neman mai kowane sawu aiki ne da zai riƙe yaro awa guda ba tare da ƙorafi ba. A ba wani riƙon taswira, wani madubin hangen nesa, wani littafin zane. A tsaunuka a nuna musu yadda itatuwa ke gajarcewa ana hawa har su ƙare, da layukan da ke jikin dutse, waɗanda kowannensu wani zamani ne da laka ko yashi suka kwanta. Don kallon taurari a zaɓi daren da babu farin wata, a kashe wayoyi da fitilu, a ba ido minti 20 zuwa 30 ya saba da duhu.

Wasu wuraren suna ɗauke da tarihin da ba a iya maye gurbinsa. A Tassili n'Ajjer ta Aljeriya, wadda hukumar UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 1982, akwai zane-zane fiye da 15,000 a jikin duwatsu, na shanu da giwaye da mafarauta, shaidar lokacin da Sahara take da ciyawa da tafkuna. Irin waɗannan ba a taɓa su, ba a yayyafa musu ruwa don hoto ya fito, ba a kuma rubuta suna kusa da su. Itatuwan hamada ma a hankali suke girma. Shahararren itacen Tenere na Nijar, wanda ya tsaya shi kaɗai yana yi wa ayari alama, mota ce ta kayar da shi a 1973. A tafi da risho ko ƙaramin gas maimakon saran itace. A yada zango nesa da rijiya ko tafki domin dabbobi da makiyaya su sami isa gare shi, a nemi izinin mutanen wurin kafin a ɗauke su hoto. Wanda zai kewaya ya yi nisan mita 60 daga ruwa, ya haƙa rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20 ya rufe, ƙyallen jariri da leda da kwalba kuwa a dawo da su a jaka, domin a busasshen wuri shara ba ta ruɓewa da wuri.

Da zarar an fito inda waya ke aiki, a kira wanda aka bar wa takarda a shaida masa an dawo, domin kada ya tayar da masu ceto a banza. Da dare a duba jikin yara ko akwai kaska, ko ƙaya, ko bororon da ya fashe, a ci gaba da ba su ruwa har fitsarinsu ya washe. In zazzaɓi ko gudawa ko ƙuraje suka biyo baya a cikin makonnin da ke tafe, a gaya wa likita inda aka je, da ruwan da aka sha, da ko wani abu ya ciji yaron.